Yadda Ake Wanke Tankin Ruwa da Bututun Gida Don Kashe Ƙwayoyin Cuta

Ruwa yakan fito daga rijiyar burtsatse ko daga famfon gwamnati da tsabtarsa, sannan ya gurɓace a cikin gida, tsakanin tanki da kan famfo, ba tare da launinsa ko ɗanɗanonsa ya canza ba. Dalili shi ne duk inda ruwa ya daɗe a kwance, wani yauƙi mai santsi yakan manne a jikin tanki da cikin bututu, kuma a cikin wannan yauƙin ne ƙwayoyin bakteriya suke samun mafaka su hayayyafa. Idan ka zura hannu cikin tankin da ya shekara ba a wanke ba, ka shafa bangonsa, za ka ji santsin a yatsunka ko da ruwan da ke ciki garau yake. Kulorin, wato sinadarin da ke cikin bilic, yana kashe ƙwayar cutar da ke yawo a cikin ruwa cikin sauƙi, amma ba ya ratsa wannan yauƙi yadda ya kamata, don haka aikin nan rabinsa gurza ne da hannu, rabinsa kuma magani, kuma wanda ya tsallake ɗaya ya yi asarar ɗayan.

Ƙwayoyin da ake gudu iri biyu ne. Akwai waɗanda ke shigowa daga bayan gida, wato masu haddasa kwalara da taifod da atini da gudawar yara, kuma ta hanyar sha suke kama mutum. Akwai kuma waɗanda cikin bututun ne mazauninsu, babbar cikinsu ita ce Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar wani ciwon huhu a taron tsofaffin sojoji a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976. Ita wannan ba ta ciki take kamawa ba, ta numfashi take shiga idan mutum ya shaƙi feshin ruwa, kamar na shawa, kuma ta fi bunƙasa a ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 25 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyas. Duk wanda ya taɓa buɗe famfo da azahar a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya san cewa baƙin tankin da ke saman gida yana kai ruwa wannan ɗumin ba tare da hita ba.

Kayan aiki

Za ka tanadi burushi mai tauri da dogon mariƙi, da soso sabo, da bokitai biyu na roba, da ƙaramin kofi ko moɗa ta kwashe laka, da tsummoki masu tsabta, da tiyo, da tocila, da tsani mai ƙwari, da igiya. Don kare jikinka kana buƙatar safar hannu ta roba, da tabarau mai rufe gefen ido, da takunkumi, da takalmin roba wanda za ka wanke tafinsa kafin ka taka cikin tanki. Za ka buƙaci garin sabulu kaɗan, da ruwan tsami na kwalba wanda ake sayarwa don girki, da ƙaramar raga irin ta taga, da sifana da zaren farar roba da masu gyaran famfo ke naɗawa a haɗin bututu.

Maganin kansa iri biyu ne ake samu. Na farko garin kulorin ne da ake kira HTH, wanda ƙarfinsa ke kai wa kashi 65 zuwa 70 cikin 100, ana samunsa wurin masu sayar da sinadaran tace ruwa. Na biyu ruwan bilic ne na wanki, irin su Hypo da Jik, wanda galibi ƙarfinsa kashi 3.5 cikin 100 ne, amma ka karanta jikin kwalbar ka tabbatar. Kada ka sayi bilic mai turare ko mai kauri ko wanda aka haɗa da sabulu, domin abin da aka ƙara masa bai dace da ruwan sha ba. Ka kuma duba ranar da aka yi shi, saboda bilic yana rage ƙarfi idan ya daɗe, musamman wanda ya sha rana a gaban shago. Idan da hali ka nemi takardar gwajin kulorin ko ƙwayar gwaji ta DPD, wadda ke rina ruwa ja-ja gwargwadon yawan kulorin da ke cikinsa.

Abu na ƙarshe, wanda ba a saye a kasuwa, shi ne mutum na biyu. Ba a yin wannan aiki mutum ɗaya, ko a saman hasumiyar tanki ko a cikin tankin ƙasa.

1. Ka san girman tankinka, ka lissafa magani

Tankunan roba yawanci an rubuta yawan litarsu a jiki. Idan rubutun ya goge, ka auna faɗin tankin daga gefe zuwa gefe da mita, ka raba biyu, ka ninka abin da ka samu da kansa, ka ninka da 3.14, ka ninka da tsayin tankin, sannan ka ninka da 1000. Tanki mai faɗin mita 1.2 da tsayin mita 1.8 zai ba ka kusan lita 2000. Tankin ƙasa na siminti mai kusurwa huɗu ya fi sauƙi, domin tsawo da faɗi da zurfi kawai za ka ninka, ka sake ninkawa da 1000, ta yadda mai mita 2 da 2 da zurfin 1.5 zai zama lita 6000.

Abin da ake nema shi ne ruwan da ke cikin tanki ya kai kimanin miligiram 50 na kulorin a kowace lita, ya kwana ya wuni a haka. Don samun wannan, kowace lita 1000 tana buƙatar giram 80 na garin HTH, wato kusan cokalin cin abinci biyar zuwa shida, ko kuma lita ɗaya da rabi ta bilic mai ƙarfin 3.5. Idan bilic ɗinka mai ƙarfin 5 ne, lita ɗaya ta isa. Mai tankin lita 2000 ke nan zai auna giram 160 na gari ko lita 3 na bilic. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mutum ya tsiyaya murfin kwalba biyu a cikin babban tanki ya ce ya sa magani, alhali wannan adadin bai kai ya yi wa yauƙin jikin bututu komai ba.

2. Ka shirya gidan

Aikin zai hana gida ruwan famfo na kwana ɗaya da 'yan sa'o'i, saboda haka a cika jarkoki da randuna da ruwan sha da na girki da na alwala tun kafin a fara. A sanar da kowa, har da 'yan haya da masu aiki, cewa ba a sha, ba a wanka, ba a wanki da ruwan famfo sai an ba da izini. Inda akwai ƙananan yara, a ɗaure kan kowane famfo da leda ko tsumma, ko a cire abin murɗawar gaba ɗaya.

Ka kashe injin tura ruwa daga makunninsa, ka kashe wutar hita, domin hitar da aka zuƙe wa ruwa tana kunne ƙonewa take yi. Idan gidan na haɗe da famfon gwamnati, ka rufe bawul ɗin shigowa, wato makullin da ke kan bututun, don kada ruwan magani ya koma babban bututun unguwa. Ka cire duk wani abin tace ruwa da ke kan layi, musamman mai gawayi, wanda zai shanye kulorin ɗin kafin ya isa inda ake so, da kuma na'urar tace ruwa mai siririyar fata da ake sakawa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, wadda kulorin mai ƙarfi ke lalatawa.

Idan gidan na da tankin ƙasa da na sama, da na ƙasa ake farawa, tunda shi ne ke ciyar da na sama.

3. Ka zubar da ruwan, amma ba ta cikin bututun gida ba

Ka rufe bawul ɗin da ke sauke ruwa zuwa ɗakuna kafin ka motsa komai. Wannan ƙaramin mataki ne da ake yawan mantawa, kuma wanda ya manta shi zai tura lakar tanki cikin bututun da ke binne a bango, inda ba burushin da zai kai. Ka zubar da ruwan ta mafitar wanki da ke gindin tanki idan akwai, in babu kuma ka kwance haɗin bututun fita ka ɗaura tiyo, ko ka zuƙo ruwan da tiyo daga sama. Ka bar kamar taƙi ɗaya na ruwa a ƙasa don gurza.

Za ka lura cewa a yawancin tankunan roba mafitar ruwa tana ɗan sama da gindi da 'yan yatsu, shi ya sa ruwan ƙasan ba ya taɓa fita da kansa. A nan ne ƙurar hunturu da yashin burtsatse da tsatsa suke taruwa shekara da shekaru. Ka haska tocila ka duba da kyau kafin ka fara wanki, domin abin da ka gani shi ne zai gaya maka ta inda matsalar ke shigowa. Jan tabo mai laushi alamar ƙarfe ce a cikin ruwan rijiyar, koren gansakuka alama ce cewa haske yana shiga tankin, shi kuwa ƙashin ƙadangare ko gashin tsuntsu ko fiffiken kyankyaso yana nuna cewa murfi ko wata kafa a buɗe take.

4. Ka gurza

Ka dama garin sabulu kaɗan a bokitin ruwa, ka gurje bango da gindi da ƙasan murfi da burushi, daga sama zuwa ƙasa. Ka ba da ƙarfi a wurare uku: layin da ruwa ke tsayawa idan tanki ya cika, da lungunan ƙugun da aka yi wa tankin roba don ƙarfafa shi, da bakin bututun shiga da na fita. Balon da ke rufe ruwa idan tanki ya cika shi ma a wanke shi da sandarsa. Ma'aunin gamawa shi ne ka shafa bangon da yatsa ka ji yana kartar fata, babu sauran santsi. Kada ka yi amfani da burushin waya ko soson ƙarfe a tankin roba, domin kowane karce da ka yi sabon maɓoya ne ga yauƙi.

Ƙaramin tanki na lita 500 ko 1000 ya fi kyau a kwance haɗinsa a sauko da shi ƙasa, a kwantar da shi a wanke, in akwai masu taimako. Babba kuwa a wanke shi a inda yake da burushi mai dogon mariƙi. Ka tuna cewa tankin roba da babu ruwa a ciki ba shi da nauyi, iska ko jinginar mutum tana iya ture shi daga kan hasumiya, don haka a ɗaure shi da igiya, kuma a kula da wayoyin lantarki da suka ratsa kusa.

Tankin ƙasa shi ne mai haɗari na gaske. Iskar da ke cikin rami rufaffe tana iya rasa abin da numfashi ke buƙata ba tare da wani wari ba, kuma mutum yakan faɗi sumamme kafin ya yi kira. A buɗe murfin a bar shi ya sha iska na sa'o'i, a sa fanka ta hura ciki in akwai, mai shiga ya ɗaura igiya a ƙugu, wani kuma ya tsaya a baki riƙe da ita, ba ya zuwa ko'ina. Kada a kunna janareta ko injin zuƙar ruwa mai fetur a cikin ramin ko a bakinsa, saboda hayaƙinsa yana kisa. Kada kuma a shiga da kulorin mai ƙarfi a yi gurza da shi a ciki. Sabulu ne na lokacin da mutum ke ciki, kulorin sai bayan ya fito.

Bayan gurza, ka kwashe ruwan dattin da kofi da soso har gindin ya bushe, ka ɗauraye da ruwa mai kyau, ka sake kwashewa. Ka maimaita har kumfa ta ƙare gaba ɗaya, domin ragowar sabulu da datti suna cinye ƙarfin kulorin.

5. Ka toshe ƙofofin da cuta ke shigowa

Tun da tankin babu ruwa, yanzu ne lokacin gyara. Murfin da ya tsage ko wanda iska ta ɗauke aka maye gurbinsa da kwano da dutse a kai, a sauya shi da murfi mai murɗawa ko mai kama baki sosai. Bututun da ke zubar da rarar ruwa da kafar shan iska a ɗaure musu raga, domin ta nan ƙadangare da tsaka da sauro suke shiga. Tankin ƙasa kuwa a duba bangonsa ko akwai tsaga, kuma bakinsa ya ɗara ƙasa tsayi, ta yadda ruwan sama da ya wanko tsakar gida ba zai gangara ciki ba. Farin tanki mai barin haske ya ratsa a yi masa rumfa, kuma ko baƙi ne ma rumfar tana rage ɗumin ruwa.

Ka zagaya gidan ka nemi bututun da ba ya kai wa ko'ina: famfon da aka cire aka toshe bakinsa, banɗakin baƙi da ba a shiga, layin da aka ja don ginin da ba a ƙarasa ba. Ruwan da ke cikin irin wannan bututu ba ya motsi, kulorin ba ya zagayawa cikinsa, kuma daga nan yauƙi ke sake bazuwa bayan an gama wanki. Maganinsa shi ne mai gyaran famfo ya yanke shi daga tushe, a daidai inda ya rabu da babban layi.

6. Ka haɗa maganin ka cika tanki

Ka mayar da haɗin bututu, ka bar bawul ɗin sauka a rufe, ka tara ruwa mai kyau har kashi ɗaya cikin huɗu na tankin. A fili mai iska, sanye da safar hannu da tabarau da takunkumi, ka zuba ruwa a bokitin roba, sannan ka barbaɗa garin HTH a kan ruwan kana juyawa da sanda. Gari ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa ake zubawa kan gari ba. Ka bar shi kamar rabin sa'a farin gari ya kwanta, ka tsiyaye ruwan saman cikin tanki, ka bar gurbin a bokiti don kada ya toshe kan famfo. Mai amfani da bilic zai zuba adadin da ya auna kai tsaye. Daga nan a cika tankin har baki, ruwan da ke shigowa shi zai gauraya maganin.

Kada a kuskura a haɗa kulorin da ruwan wanke masai, ko ruwan batir, ko ruwan tsami, ko wani sinadari mai tsami, domin haɗin yana fitar da iska mai ƙona huhu. Garin HTH kuma a nisanta shi da fetur da man inji da duk abin da ke cin wuta. In ya fallatsa a ido, a wanke da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, a tafi asibiti.

Ruwan da za a cika tankin da shi dole ya zama garau. Idan rijiyar tana ba da ruwa mai duhu, musamman a farkon damina, a bar injin ya zubar a waje har ya washe kafin a juya shi cikin tanki, saboda laka tana shanye kulorin kuma tana ɓoye ƙwayoyin cuta.

7. Ka tura maganin cikin bututun gida

Wannan ne matakin da masu wankin tanki na haya suka fi tsallakewa, kuma a ganina wanda bai yi shi ba bai cancanci cikakken kuɗin aiki ba. Ka buɗe bawul ɗin sauka, ka fara da famfon da ya fi kusa da tanki, ka bar shi yana zuba har sai ka ji warin kulorin sosai, sannan ka rufe. Ka wuce na gaba, har ka kai mafi nisa. Kada ka bar ko ɗaya: famfon kicin, na banɗaki, shawa, ƙaramin tiyon tsarki, famfon tsakar gida, wurin alwala, layin injin wanki. Kowane masai a ja ruwansa sau ɗaya don akwatinsa ya cika da ruwan magani. Famfon ruwan zafi shi ma a buɗe shi, hita tana kashe, har warin ya fito ta nan. Ka buɗe tagogi yayin da kake wannan zagaye.

Idan ka gama, ka ƙara ruwa a tanki ya koma baki. In abin da ya fita yana da yawa, ka ƙara magani daidai lissafin ruwan da ka ƙara.

8. Ka jira, sannan ka ɗauraye

A bar komai a rufe na sa'o'i 24. Inda gida ba zai iya jure wannan jira ba, a ninka maganin sau biyu a jira sa'o'i 8. Kada a wuce kwana ɗaya da tunanin ƙarin lokaci ƙarin tsabta ne, musamman a gidan da ke da tankin ƙarfe ko tsohon bututun ƙarfe, domin kulorin mai ƙarfi yana cin ƙarfe da robar haɗi.

Idan lokaci ya cika, ka buɗe famfo mafi nisa ka sansana. Ya kamata warin kulorin ya kasance yana nan da ƙarfinsa. In ya ɓace ko ya yi rauni ƙwarai, dattin da ke cikin layin ya cinye maganin tun kafin ya gama aiki, sai a zubar a maimaita daga mataki na shida.

Ka zubar da ruwan tankin ta tiyo zuwa fili mai ƙasa ko tsakuwa inda rana za ta buge shi. Kada ya shiga tafkin kifi ko lambu ko wurin shan dabbobi, kuma kada a juye shi duka cikin sokawe, saboda zai kashe ƙwayoyin da ke narkar da bayan gida a ciki. Ana iya ɗibar wani a wanke daɓen banɗaki da kwata, amma zai kashe launin tufafi. Sannan ka cika tankin da sabon ruwa, ka buɗe famfunan ɗaya bayan ɗaya har warin ya koma ɗan kaɗan da ƙyar ake ji. Mai takardar gwaji zai jira sai ta nuna miligiram 0.5 a lita ko ƙasa da haka kafin a sha. Kada ka tsorata idan ruwan farko ya fito da baƙin ɓarɓashi ko ja, yauƙi da tsatsa ne suke saki. Daga nan a sa sababbin abubuwan tace ruwa, kada a mayar da tsofaffin.

9. Kan shawa da hita

Ka kwance kan shawa da 'yar ragar da ke bakin famfo, ka jiƙa su a ruwan tsami na 'yan sa'o'i har farin dutsen da ya toshe ramukan ya narke, ka goge da tsohon burushin haƙori, ka ɗauraye sosai da ruwa. Sai bayan ɗaurayar ne za ka tsoma su a bokitin ruwa mai lita 10 da aka zuba wa cokali biyu na bilic na rabin sa'a. Tiyon shawa da ya yi baƙi a ciki ba ya wankuwa, sauya shi ake yi.

Hita kuwa, bayan ta cika da sabon ruwa, a kunna ta a saita ta a digiri 60, domin a wannan zafin Legionella ba ta rayuwa. Al'adar saita hita a ɗumi-ɗumi don rage kuɗin wuta ita ce ke mayar da ita wurin renon ƙwayar. Sai dai ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙoƙi, don haka a riƙa surkawa kafin yara da tsofaffi su taɓa. Gidan da aka rufe aka yi doguwar tafiya, ko ɗakin da ya yi makonni babu kowa, a buɗe famfunansa su zuba na wasu mintuna kafin a yi amfani da su, a kwance kan shawa ko a sauke shi cikin bokiti don kada ya yi feshi, a buɗe taga a fita daga banɗakin. Wannan ya fi zama dole inda akwai dattijo, ko mai shan taba, ko mai ciwon huhu ko suga ko ƙoda.

10. Ka gwada ruwan, ka bi sawun tushen gurɓata

Ido da hanci ba sa tabbatar da tsabtar ruwa. Bayan kamar mako guda, lokacin da kulorin ɗin wanki ya gama fita, ka kai ruwa ɗakin gwaji na hukumar ruwa ta jiha ko na jami'a ko wani amintacce, a duba ƙwayar cutar E. coli, wadda samunta ke nuna cewa bayan gida ya taɓa ruwan. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya da ta Hukumar Lafiya ta Duniya duk sun ce kada a sami ko ɗaya a cikin mililita 100. Ka karɓo kwalbar gwaji daga wurinsu, kada ka yi amfani da gorar lemo. Ka wanke hannu, ka bar famfon ya zuba na minti biyu, ka cika kwalbar ba tare da ka taɓa bakinta ko cikin murfinta ba, ka sa ta a kula da ƙanƙara, ka isar da ita cikin sa'o'i shida. In da hali ka ɗebi kwalba biyu, ɗaya daga bakin rijiya kafin tanki, ɗaya daga famfon kicin, saboda bambancinsu shi zai nuna inda matsalar take.

Idan ta bakin rijiya ce ta nuna cuta, wankin tanki ba zai warkar da komai ba. Ka auna nisan rijiyar daga masai da sokawe, naka da na maƙwabta. Abin da ake so shi ne mita 30 ko fiye, abin da filayen cikin gari ba safai suke bayarwa ba. Ka duba ko simintin da ke kewaye da bakin burtsatsen ya fashe, ko ruwa na kwanciya a wurin. Mai famfon gwamnati kuma ya bi bututunsa daga babban layi zuwa gida, domin a unguwanni da yawa bututun ya ratsa ta cikin lambatu, kuma duk lokacin da aka ɗauke ruwa, bututun da babu matsi a cikinsa yana zuƙo ruwan kwata ta kowace 'yar kafa. A ɗaga shi sama da lambatun, a sauya wurin da ya fashe maimakon a naɗe shi da robar taya. Haka nan tiyon da aka bari nutse a cikin baho ko kwatamin dabbobi yana iya mayar da dattin cikin layi idan ruwa ya ɗauke. Wanda ke sayen ruwan tanka ko na 'yan garuwa ya ɗauka cewa kowane zubi sabon ruwa ne da bai san asalinsa ba.

Kafin a gyara tushen, a riƙa sa wa ruwan magani na yau da kullum, wanda ya yi ƙasa ƙwarai da na wanki: kimanin mililita 60 na bilic mai ƙarfin 3.5, wato cokalin cin abinci huɗu, a kowace lita 1000 ta ruwa garau, a jira minti 30 kafin a sha. Ya kamata gwaji a bakin famfo ya nuna tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a lita, in bai kai ba a ƙara kaɗan, in ya wuce a rage a cikawa ta gaba. Inda babu bilic ko abin gwaji, a tafasa ruwan sha ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, a ajiye shi a jarka mai ƙaramin baki ko bokiti mai famfo, domin moɗar da kowa ke tsomawa a randa tana mayar da abin da aka kashe. Ruwan jarirai da na marasa lafiya a tafasa shi ko da an sa kulorin, saboda akwai wasu ƙananan halittu masu sa gudawa da kulorin ba ya iya musu.

Wankin tanki ana yinsa duk wata shida, kuma lokutan da suka fi dacewa su ne ƙarshen hunturu, bayan ƙura ta lafa, da ƙarshen damina. Ana kuma yinsa nan take, ba tare da jiran lokaci ba, idan an sami mushe a ciki, ko ambaliya ta shiga gidan, ko an yi babban gyaran bututu, ko mutum biyu ko fiye a gida sun kamu da amai da gudawa a tare, kuma a wannan halin na ƙarshe a fara kai marasa lafiyan asibiti da ruwan gishiri da sukari a hannu kafin a hau kan tanki.